Tambayoyinku: Sake Ɗura Harsashi Da Gasar Harbi Da Ƙaramar Bindiga

Saƙonni sun taru mana sosai akan batun wasan harbi, musamman daga matasa, to wannan makon gaba ɗaya filin nasu ne. Na zaɓo guda biyar, wasu na taƙaita su saboda tsayi amma ban taɓa ma'anar abinda aka tambaya ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ina zaune a Barnawa, kwanan nan na faɗa kallon bidiyon gasar harbi da ƙaramar bindiga a YouTube, irin wadda mutum ke gudu yana harbin allo ana ɗaukar masa lokaci, sai naga da yawa cikin turawan nan basa siyan harsashi, kwanson da suka harba suke tsincewa su tafi dashi gida su sake ɗura shi da wani inji a gareji. Dan Allah meye amfanin hakan, kuma mu nan Kaduna mutum zai iya yi? Domin gaskiya wasan ya shiga raina inaso na fara.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, lafiya lau alhamdulillah. Bari na fara da ƙarshen tambayarka saboda shine mai muhimmanci, a'a, a Najeriya bazaka iya ba, kuma ba wai maganar babu inji ko babu kaya bane, doka ce ta hana ƙiri-ƙiri, zan zo kan wannan. Amma tunda ka tambayi meye amfaninsa a wurinsu ya kamata ka fahimta, domin idan ka fahimta zaka gane cewa ba ta nan ake shiga wasan ba.

Harsashi ɗaya da kake gani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso na tagulla, akwai ɗan maɓalli a gindinsa wanda ke kyasta wuta idan allurar bindiga ta doke shi, akwai albarushi a ciki, sai kan harsashin wanda shine ke fita. Idan aka harba, uku sun tafi kenan, kwanson ne kawai ke faɗowa ƙasa, kuma yawanci shine mai tsada a cikinsu, shi yasa kaga suna durƙusawa suna tsince shi bayan an gama. A ƙasa kamar Amurka dokar tarayya ta yarda mutum ya sake ɗura kwanso don amfanin kansa, amma idan saidawa zaiyi sai da lasisi. A Jamus kuwa ko albarushin ba za'a saida maka ba sai kayi kwas ka ci jarabawa hukuma ta baka takardar izini. Kaga kenan ko a can ba kowace ƙasa ce ta sake abin haka ba.

Dalilinsu na farko kuɗi ne, wanda ke gasa da gaske yana harba dubban harsasai a shekara wajen atisaye kaɗai, idan duk na kanti zai siya aljihu bazai ɗauka ba. Dalili na biyu shine wanda yafi jan hankalina, kuma ya shafi ƙa'idar gasar ne. Wannan wasan da kake kallo na gudu da harbi, ƙungiyar dake kula dashi a duniya ana ce mata IPSC, an kafa ta a 1976 a Amurka, kuma a tsarinsu abu uku ake dubawa, saiti da ƙarfi da sauri. Makin da ka samu ake rabawa da daƙiƙoƙin da ka ɗauka, shi yasa kaga suna gudu haka. To shi ƙarfin ya ake gane shi? A ranar gasa alƙalai na karɓar wasu harsasai daga hannun ɗan wasa, su auna nauyin kan, su harba ta cikin wata na'ura mai auna gudu, sai a ninka nauyin da gudun a raba da dubu. Misali kan harsashin 9mm mai nauyin giren 124, wato kusan giram 8, idan yana tafiyar ƙafa 1,050 a daƙiƙa ɗaya lissafin zai bada 130. Mafi ƙarancin abinda aka yarda dashi 125 ne, idan naka bai kai ba makinka baya shiga lissafi duk wahalar da kasha. Akwai kuma babban mataki na 160 ko 170 gwargwadon rukunin da kake, wanda ya kai nan idan harbinsa ya ɗan kauce daga tsakiya ana bashi maki fiye da na ƙaramin mataki, saboda bindigarsa tafi wuyar riƙewa. To kowane ɗan gasa so yake harsashinsa ya haye wannan layin da ɗan kaɗan kawai, ya cika ƙa'ida amma bindigar kar ta riƙa zabura da yawa a hannunsa, kuma kowane harbi ya zama daidai da na gabansa. Kamar bambancin rigar da tela ya auna ka ya ɗinka maka ne da wadda ka ɗauka a rataye a Kasuwar Barci, duka zasu shiga amma ɗaya ce taka.

Abinda bidiyon basa nuna maka sosai shine ranar da abin ya ɓaci. Kuskure biyu ne suka fi shahara a wurinsu kuma su kansu suna tsoronsu, ko mutum ya shagala ya zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya, wannan kan tarwatsa bindigar a hannun mai ita, ko kuma ya manta bai zuba ba sam, sai kan harsashin ya maƙale a tsakiyar bututu, mai gasa kuma yana sauri bai lura ba ya sake jan kunama, na biyu yazo ya tarar da na farko. Yatsu da ido ake rasawa a irin wannan. Kuma waɗannan mutane ne masu sikeli mai kyau da littattafan kamfanonin albarushi da aka gwada a ɗakin gwaji, amma duk da haka yana faruwa dasu.

Yanzu dokarmu. Dokar bindigogi ta 1959 wadda har yau ita ake aiki da ita ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko sune haramtattu, a ciki akwai bindigogin soja da masu sarrafa kansu, kuma fistol da libarba, wato ƙananan bindigogin hannu, suna cikin wannan kashin, babu mai baka izininsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu irinsu bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, wannan Sufeto Janar na 'yan sanda ke bada lasisi. Na uku bindigar gargajiya ta ɗuri, Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Harsashi shima ba'a yarda ka riƙe ba sai na bindigar da kake da lasisinta, haɗawa ko ƙerawa kuwa ba tare da izini ba hukuncinsa baya gaza shekara 10 a gidan yari. To ka duba, bindigar da ake wannan gasar da ita tun farko tana cikin haramtattu, ballantana a zo maganar ɗura mata harsashi a gida.

Amma kar wannan ya kashe maka gwiwa, domin ga abinda yawancin matasa basu sani ba, a gasar ƙaramar bindiga ta Olamfik babu wanda ke ɗura harsashi ko mutum ɗaya. Wasannin ƙaramar bindiga a can iri biyu ne, na mita 10 da bindigar iska, wadda ba albarushi a cikinta sam, iska ce aka matse a ɗan silinda take tura ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, sai na mita 25 da ake yi da ƙaramin harsashi .22 wanda shi yanayin ƙirarsa ma ba na sake ɗurawa bane, an harba an gama dashi. Wato matakin ƙoli na wannan wasa a duniya baya buƙatar injin da ka gani a gareji. Ka karanta amsar da na ba Hajiya a ƙasa, hanyar da na faɗa mata kaima ita ce taka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni makaniken injin sassaƙa ƙarfe ne a Panteka, ba alfahari ba duk abinda aka kawo min hotonsa ina iya fitar dashi. Wani ya kawo min hoton ƙarfen da ake matse kwanson harsashi dashi yace na yi masa, wai ɗan wasan harbi ne, kuɗin da ya saka kuma masu kyau ne. Ko zaka taimaka min da awon abin da kuma yawan albarushin da ake sawa?

AMSA: Ɗan'uwa barka kadai. Bazan baka awo ba kuma bazan baka yawan albarushi ba, ba a wannan shafin ba ba kuma ta waya ba, ina kuma roƙonka don Allah ka maida masa hotonsa da kuɗinsa idan ya bada kafin alƙalami. Na san hannun mutanen Panteka, na san abinda kuke iya fitarwa daga ƙarfen da wani ya yar, injin niƙa da na gyaran shinkafa da na yankan ciyawa duk kuna yi, ƙwarewarka ba ita nake shakka ba. Wanda ya kawo aikin nake shakka. Ɗan wasan harbi na gaskiya a ƙasar nan a ƙarƙashin hukuma yake harbi, ko soja ko ɗan sanda ko wata hukumar tsaro ko ƙungiyar wasan ta ƙasa, harsashinsa ƙirga masa ake yi daga ma'ajiya ya sa hannu, ya gama ya dawo da saura, irin wannan mutumin me zai kawo shi shagonka da hoto a waya?

Kai kanka ka san halin da muka shiga a jihar nan, Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Kajuru, da harin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, duk wanda ke neman hanyar samun harsashi ta bayan fage a irin wannan wuri dole a tambayi ina zai kai shi. Ranar da aka kama shi kuwa tambayar farko ita ce wa ya ƙera maka, kuma a gaban kotu cewa ban sani ba ko ai ce min yayi wasa ne bata fitar da mutum, shekara 10 ɗin nan da na ambata har da kai. Kana da iyali kana da yaran shago da suke ci a ƙarƙashinka.

Wurin da doka ta ware don wannan aiki yana nan cikin garinmu, kamfanin DICON dake Kakuri, an kafa shi tun 1964, wani kamfanin Jamus mai suna Fritz Werner ne ya gina masana'antar, kuma ƙera bindiga da harsashi na jami'an tsaro shine aikinsa. A 2023 an sa hannu a sabuwar dokarsa wadda ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Idan fannin yana burge ka a matsayin sana'a to ta wannan ƙofar ake bi, da rajista da takardu da rana tsaka. Shi kuma mutumin, idan ya dawo ya matsa maka ko ka ga alamar da bata kwanta maka ba, ka sanar da shugabannin ƙungiyarku na kasuwa ku tafi ofishin 'yan sanda tare, kar ka tafi kai kaɗai kar kuma ka yi shiru.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni uwa ce daga Unguwar Rimi, 'yata mai shekara sha shida tun da taga wasan harbi na Olamfik a talabijin ta hana ni sakat wai ita shi take so, babanta yace ina ruwan mace da bindiga, ni kuma tsoro nake ji kar ta ji ciwo. Wai wasa ne na gaske ko dai shirme ne, kuma akwai inda ake koya?

AMSA: Hajiya wasa ne na gaske, yana cikin wasannin da aka fara Olamfik na zamani dasu a Atina a 1896, hukumarsa ta duniya ISSF kuma tun 1907 take. Kuma in gaya miki gaskiya cikin duk saƙonnin makon nan naki ne ya fi faranta min rai, domin 'yarki ta hango ɓangaren da ya fi tsafta a wasan.

Bari na kwatanta miki yadda akeyi ki gani ko akwai abin tsoro. Ɗaki ne dogo a rufe, shiru kamar ana jarabawa, kowa na tsaye a layinsa, allon na nesa da mita 10. Da hannu ɗaya ake riƙe bindigar, ɗayan hannun yawanci a aljihu ko a maƙale a bel, nauyinta bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, ƙwaya ɗaya ake sawa a harba sannan a sake sa wata. Da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, bata kai faɗin farcen babban yatsanki ba, kuma sau 60 za'a harba cikin minti 75. Yarinya zata ɗaga hannu a hankali, ta ja numfashi ta saki rabi ta riƙe saura, ta tsaida idonta akan saitin gaba, ta fara matsa kunama sannu sannu har ta tashi ba tare da ta fizga ba, idan taji hannun ya fara rawa sai ta sauke ta huta ta sake daga farko. Duk wasan kenan. Ba gudu ba karo da kowa ba faɗuwa, kuma da hijabinta da doguwar rigarta zata iya tsayawa ta harba, mata daga Iran da Masar suna shiga gasar duniya da lulluɓinsu.

Ki faɗa wa babanta cewa a Faris a 2024 wata yarinya 'yar Indiya Manu Bhaker ta ci tagulla biyu a wannan wasa tana da shekara 22, 'yan Koriya ta Kudu biyu Oh Ye-jin da Kim Ye-ji suka ɗauki zinare da azurfa a na mata. Shi kuma mutumin nan na Turkiyya da hotonsa ya zagaya duniya, Yusuf Dikeç, mai furfura da hannu a aljihu ba wasu na'urori a fuska, azurfar da ya ci a gasar haɗaka ce ta mace da namiji, tare da Şevval İlayda Tarhan suka ci, makinta da nasa aka haɗa. Mutane sun ɗauka daga sama ya faɗo, alhali wannan ne zuwansa Olamfik na biyar tun 2008, yana da shekara 51 sannan ya samu lambar. Wannan wasa ne na haƙuri, shekaru basa kore mutum daga cikinsa da wuri.

Akwai labarin da nake so ki bata, na gaske ne. Wani sojan Hangari mai suna Károly Takács gwani ne na harbi da hannun dama, a 1938 gurneti ya fashe masa a hannun wajen atisaye ya lalata shi, sai ya koma ya koya wa hannun hagu daga farko, a 1948 a Landan ya ci zinare, a 1952 a Helsinki ya sake ci. Duk wanda ke tunanin sirrin wasan nan a cikin harsashi yake ko tsadar bindiga ya kamata ya san wannan labarin.

Maganar inda ake koya kuma, a nan ne zan ce ki bi a hankali. Bindigar iska a dokar Najeriya tana buƙatar lasisi kamar yadda na faɗa a sama, kuma dokar bata bada lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, saboda haka kar ki yarda wani ya ce zai kawo miki ita daga waje ko ki siya a intanet a sa miki a kaya, matsala zaki jawo wa gidanki. Akwai ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa, ta hannunta ake shiga gasa, hanyar da ta dace ita ce ki je ofishin hukumar wasanni ta jiha ke da babanta, ku nemi wanda ke kula da wasan harbi ko a haɗa ku da ƙungiyar ta ƙasa, ku ga koci ido da ido, ku ga wurin atisaye, ku tambayi a ƙarƙashin izinin wa kayan suke. Idan aka kasa amsa muku wannan tambayar ta ƙarshe ku juya. Gaskiyar magana wasan bai samu gata ba a ƙasar nan, yawancin masu yinsa jami'an tsaro ne saboda su ke da wuri da kaya, abin kuma yana min ciwo idan na tuna Kaduna ce ke da makarantun soja na NDA da Jaji da kwalejin 'yan sanda, garin da ya fi ko'ina masu koyar da saiti, amma ɗakin mita 10 na farar hula wanda ko ajin makaranta mai tsawo zai iya zama ya gagare mu. Masar ta karɓi gasar duniya ta ISSF a Alƙahira a 2022, mu ma ba abinda zai hana idan masu ruwa da tsaki suka so.

Kafin a samu wuri ba sai ta zauna ba, ta riƙa cika gorar ruwa ta lita ɗaya tana miƙe hannu da ita tana ƙirga daƙiƙa ashirin zuwa talatin ta sauke ta sake, wannan na gina kafaɗa, ta kuma gwada wasan kwari da baka idan akwai kusa, tsayuwa da numfashi da nutsuwar duk suna taimakawa. In an fara kuma abu ɗaya zaki sa ido akai, ƙwayar dalma ce, ta wanke hannu da sabulu bayan atisaye kafin taci komai, kar ta riƙa sa ƙwayar a baki, kar ta kawo gwangwanin gida inda ƙannenta zasu ɗauka.

TAMBAYA: Ɗana ne ya rubuta min wannan. Ni maharbi ne daga ƙasar Zazzau, iyaye da kakanni muka gada, mu da kanmu muke ɗura bindigarmu tun muna yara, a hawan sallah ma mu ke buga ta gaban sarki. To mene ne bambancin namu da wannan na turawa da har ake cewa laifi ne?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bambancin yana nan ta fuska biyu. Ta fuskar doka, bindigarku ta ɗuri tana kashi na uku, an san da ita an kuma ware mata lasisinta a hannun Kwamishinan 'yan sanda, ɗura ta baki kuma shine yadda ake amfani da ita, ba ƙera harsashi bane. In dai takardarka na nan kuma tana kan lokaci to kana kan hanya, in ta ƙare a je a sabunta, in babu a je ta hannun sarkin baka ko shugabannin ƙungiyar maharba a nema.

Ta fuskar aiki kuma, kuma wannan nake so ɗanka ya karanta maka da kyau ya kuma faɗa wa matasan da ke bin ku daji, albarushin gargajiya mai baƙi mai hayaƙi daban yake da na cikin harsashin zamani. Na zamanin wani Bafaranshe Paul Vieille ne ya fito dashi a 1884, baya hayaƙi sosai amma matsin da yake haifarwa a cikin bututu ya ninka na baƙin nesa ba kusa ba, bindigogin da ake yi dominsa ƙarfensu na musamman ne kuma sai an gwada su kafin su fita masana'anta. Bututun da maƙeri ya yi ba don wannan aka yi shi ba. Yaro ya tsinci harsashi ya fasa ya juye abin ciki a bindigar ɗuri wai don ta ƙara ƙara ranar hawa, bututun ne zai tsage a fuskarsa da ta na kusa dashi, a cikin taro kuma. Ku dattawa ku ake jin maganarku, don Allah ku hana.

Sai ajiya, albarushi kar ya kwana a ɗakin da ake girki ko kusa da janareta ko inda ake kunna maganin sauro, kar kuma a tara da yawa a gida. Wanda ya isa tunawa ya tuna 27 ga Janairu 2002 da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta, mutum sama da 1,000 suka rasu, da yawansu ba wutar ce ta kashe su ba, gudu suke suka faɗa cikin ruwan Oke-Afa. Dalmar da kuke narkawa ita ma a yi ta a fili nesa da yara da tukwanen abinci, hayaƙinta da ƙurarta guba ne da ba'a gani, mun ga abinda ta yi a Zamfara a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda ƙurar dalma daga dutsen zinare da ake daka wa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400, waɗanda suka rayu kuma da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

TAMBAYA: Yaya ni ɗan gwangwan ne a Rigasa, yara na kawo min kwanson harsashi da suka tsinta a daji ina siya a kilo tunda tagulla ce. Akwai matsala?

AMSA: Akwai ƙanina, ka daina karɓa daga yau. Na ɗaya, a cikin buhun da yaro ya tsinto ba wuya a samu wanda bai tashi ba ko wani abin da ya fi harsashi haɗari, kai kuma aikinku bugu ne da guduma da ƙonawa, wanda bai tashi ba idan ya ji wuta ko duka zai iya fashewa. Na biyu, idan aka zo bincike aka tarar da buhun kwanso a shagonka doguwar magana ce zaka sha kafin a yarda tagulla kawai kake nema, kuma baka san wanda zai zo ya siya daga hannunka da niyyar abinda muka tattauna a sama ba. Na uku kuma wanda ya fi damuna, kuɗin da kake basu shi ke tura yaran nan shiga wuraren da aka yi atisayen soja ko aka yi artabu suna tone-tone.

Wanda ke hannunka yanzu kar ka zubar a bola kar ka binne kar kuma ka ɗora a keke napep kana yawo dashi, ka je wurin mai unguwa ku tafi ofishin 'yan sanda mafi kusa ku yi bayani, su suke da sashen kwance bam da zai zo ya duba ya ɗauka. Yaran kuma ka faɗa musu duk ƙarfen da suka gani a daji mai kama da harsashi ko gwangwani mai fiffike ko wani abu da basu gane ba, kar su taɓa kar su jefe shi da dutse, su lura da wurin su dawo su faɗa wa babba.